Makilin da ciwon hanji na IBS: da gaske man goge baki yana tayar da ciki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi min dariya. Likita ya tabbatar min IBS ke damuna, irin mai gudawar nan. Na gyara cin abinci iya gyarawa, kuma alhamdu lillahi an samu sauƙi, sai dai safiya har yanzu ta gagara. Ina gama goge baki ciki zai fara ƙugi, kafin in shirya yara na koma banɗaki. Jiya na ɗauki kwalin makilin ina dubawa, sai na ga abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗin shi ne Sorbitol, alhali yana cikin takardar abubuwan da aka ce in rage. To ku wane iri kuke amfani da shi? Kuma su man shafawa da sabulu da man leɓe, su ma sai an tantance?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Babu abin dariya 'yata. Ni na daɗe da barin waɗannan masu zaƙin. Na koma wani na gari, babu sobitol, babu fuloraid, babu kumfa, kuma cikina ya lafa. Ki jefar da shi kawai ki huta.

Sadiya K.: Ikon Allah. Yanzu na tashi na duba nawa, shi ma da shi ya fara. Wai ina mutum zai sa kansa ne?

Nura D.: Saura a ce mana iskar da muke shaƙa ma sai an auna.

Bashir Mai Magani: Maman Ilham, tambayarki tana kan hanya, amma kafin a jefar da komai bari mu yi lissafi, don aikina kenan a ɗakin haɗa magani.

Gaskiya ne sobitol yana tayar da ciki. Ƙaramin hanji ba ya iya tsotse shi duka, wanda ya rage sai ya janyo ruwa cikin hanji, in ya gangara babban hanji kuma ƙwayoyin bakteriya su far masa, iska ta taru. Mai lafiya zai ji ɗan kumburi ya wuce. Mai IBS kuwa hanjinsa yana da saurin jin zafi, ɗan buɗewar nan ma ciwo ce gare shi. Shi ya sa masu binciken Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostireliya suka sa shi cikin rukunin abubuwan ci masu tayar da hanji da suka kira FODMAP tun wajen 2005, tare da 'yan'uwansa manitol da zailitol da maltitol. A makilin ana sa shi ne don kada man ya bushe a cikin robarsa, ya kuma ba shi ɗanɗano ba tare da ya ruɓar da haƙori kamar sukari ba.

To amma nawa ne ke isa cikinki? Man da ya kamata babba ya matsa, daidai ƙwayar wake, nauyinsa kusan kwatan giram ne. A ce rabinsa sobitol ne, bai kai giram 0.15 ba, kuma tofarwa kike yi. Ko da kin haɗiye shi kaf bai kai inda ake fara jin sa ba. Yawancin mutane sai sun ci giram 5 zuwa 10 suke fara jin iska da kumburi, gudawa kuma wajen giram 20.

Sai maganar lokaci. Kin ce kina gama gogewa ciki zai motsa. Abin da aka haɗiye ba ya isa babban hanji cikin minti biyar, sai ya ɗauki awa ɗaya ko fiye. Amma shi babban hanji lafawa yake da dare, ya farka tare da mai shi, kuma motsinsa ya fi ƙarfi da an tashi daga barci da kuma bayan cin abinci. Daidai lokacin da buroshi ke hannunki kenan. Ina zargin makilin ɗin nan a wurin laifi kawai aka same shi.

Hajiya Turai: Malam Bashir, jiki magayi. Ku kuna da ma'auni da takarda, mu muna da ciki. Ni na canza na ga bambanci, ba labari aka ba ni ba. Kuma wa ya ce maka mutane ƙwayar wake suke matsawa? Je ka duba buroshin kowa, daga wannan baki zuwa wancan ake shimfiɗa shi kamar yadda ake nunawa a talla. Wasu sau uku a rana, sannan su bi da ruwan kurkure baki, shi ma zaƙi ne da shi.

Bashir Mai Magani: Hajiya, a nan kin yi gaskiya. Wanda ya cika buroshi zai iya matsa giram ɗaya ko fiye, ninki huɗu kenan. Amma maganin wannan a rage matsawa, ba a bar makilin ba. Ban ƙaryata sauƙin da kika samu ba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayata ita ce, lokacin da kika canza man goge bakin, shi kaɗai kika canza?

Hajiya Turai: A lokacin ne dai na gyara abubuwa da yawa. Amma ni na san abin da na ji.

Maman Ilham: Ni dai maganar lokacin nan ta shige ni. Ranar da na makara ban goge baki da wuri ba, ban lura ko cikin ya jira ni ba. Zan sa ido.

Anti Zulai: Ni a ɓangaren haƙori nake aiki, kuma abin da ya tayar min da hankali a maganar Hajiya ba sobitol ba ne, cewa da ta yi babu fuloraid. Hajiya ki yi haƙuri, ba raini ba ne, amma kada 'yan baya su ɗauka. Fuloraid shi ne ainihin abin da ke aiki a cikin makilin, sauran duk rakiya ce. Shi ke ƙarfafa bayan haƙori ya hana shi yin kogo. Na babba ana son a ga 1350 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawan fuloraid ɗin kenan) a jikin kwalin, mafi yawa za ku ga 1450.

Kuma masu IBS sun fi kowa bukatarsa, ga dalili. Magungunan murɗar ciki irin su hayosin, wanda kuka sani da Buscopan, da amitiriftilin da ake ba wasu kaɗan da dare don rage zafin hanji, suna busar da baki. Yawu kuwa shi ne mai wanke haƙori, shi ke kashe tsamin da ke cin sa. Ga wasu suna fama da ƙwannafi, ruwan tsami yana tasowa har baki. Ga yawan ɗan ciye-ciye saboda an ce a daina cika ciki lokaci guda. Duk wannan haƙori ke biya. Na sha ganin baiwar Allah ta zo tana murna ta koma man gargajiya marar sinadari, a buɗe baki a tarar da turame biyu sun rube ta gefen dasashi. Ciwon haƙori kuma ya kan ƙare da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, waɗanda ba ƙaramin tayar da hanji suke yi ba.

Maman Ilham: Anti Zulai, to ni ina kurkure baki sosai bayan na goge, sau da yawa, don kada komai ya rage. Hakan ya yi?

Anti Zulai: Ƙanwata, a ka'ida tofarwa ake yi a bari, ba a kurkurewa. In kin kurkure kin wanke fuloraid ɗin kafin ya zauna. Ki goge minti biyu, sau biyu a rana, na daren ya fi muhimmanci, ki tofar sosai ki tafi.

Maman Ilham: Kin ga inda gizo ke saƙar. In ban kurkure ba, ai abin da ya rage haɗiye shi zan yi.

Anti Zulai: Za ki haɗiye ɗan abin da ya maƙale, amma ki koma lissafin Malam Bashir. Kwatan giram aka fara da shi, an tofar da mafi yawa. In dai hankalinki bai kwanta ba, ki ɗan kurkure da ruwa kaɗan sau ɗaya da safe, ki bar na dare. Na fi son haka da a ce kin bar fuloraid baki ɗaya. Akwai kuma masu fuloraid da ba su da sobitol, gilisarin ake sa musu a madadinsa. Sai an yi haƙurin karanta kwali, don jerin yana tafiya ne daga abin da ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Amma a kula, da yawa daga masu rubuta "na halitta" a gaba, zailitol suka zuba, shi ma ɗan gidan ne.

Sadiya K.: Tsaya tukuna. Zailitol? Ai shi ne a jikin cingam ɗina. Ni saboda tsoron warin baki ba na rabuwa da cingam marar sukari a jaka, musamman ranar da ciki ya kumbura ina ta gyatsa. Ina taunawa tun safe a ofis, in ɗanɗanon ya tafi in sake wani.

Bashir Mai Magani: Yauwa, ga inda nake son a zo. Sadiya, cingam ba a tofar da zaƙinsa, duk cikinki yake tafiya. Sanda ɗaya tana iya ɗaukar sobitol kusan giram 1.25, wato ta ninka duk abin da ke kan buroshin Maman Ilham wajen sau goma. A 2008 wasu likitoci a Balin ta Jamus sun buga labarin marasa lafiya biyu a mujallar likitoci ta BMJ. Mace mai shekara 21 ta yi watanni tana gudawa har ta zubar da kilo 11, namiji mai shekara 46 ya zubar da kilo 22. An yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba, sai da aka tambaye su abin da suke taunawa. Ita tana cin sobitol kusan giram 20 a rana ta hanyar cingam, shi kuma kusan 30 tsakanin cingam da alawa. Da suka bari gudawar ta tsaya, jiki ya dawo. Su ma ba IBS gare su ba. Ina ga ke?

Ƙari a kan haka, mai tauna cingam yana haɗiyar iska ba tare da ya sani ba. Gyatsar da kike son ɓoyewa, taunar na ƙara ta.

Sadiya K.: Innalillahi. Na juya fakitin, wallahi an rubuta da ƙananan haruffa cewa yawan ci yana iya sa gudawa. Ban taɓa ganin layin nan ba.

Bashir Mai Magani: Doka ce a Tarayyar Turai, duk abincin da aka zuba masa irin waɗannan masu zaƙin fiye da kashi 10 cikin 100 sai an rubuta wannan gargaɗin. Wani lokaci lamba kawai za ki gani: E420 sobitol, E421 manitol, E965 maltitol, E953 aisomalt, E967 zailitol. Akwai E968, eritiritol, shi ƙaramin hanji yana tsotse mafi yawansa, don haka ya fi sauƙi ga mutane da dama, amma ba a ce a cika shi ba. Ki duba minti marar sukari, da alawar maƙogwaro, da ƙwayoyin bitamin na taunawa, da maganin tari na ruwa. A can ake samun giram na gaske.

Hajiya Turai: To ai ka dawo kan maganata. Abin yana da illa.

Bashir Mai Magani: Wanda aka haɗiye da yawa, Hajiya.

Nura D.: Ni matsalata daban ce. Cikina da sauƙi yanzu, amma bakina ba ya rabuwa da ƙananan gyambuna, farare masu jan baki, a cikin leɓe da gefen harshe. Wannan na warkewa wani na fitowa. In makilin ya taɓa su har hawaye nake yi. An ce min kumfar ce.

Anti Zulai: Akwai ƙamshin gaskiya. Abin da ke sa kumfar shi ne SLS, a kwali za ka ga Sodium Lauryl Sulfate. Ɗan'uwan sabulu ne, kuma ga wasu yana ɗaye laushin fatar cikin baki. An ga masu yawan gyambon baki da suka samu ragi bayan sun koma marar SLS, duk da ba kowa ba. Gwadawa ba ta da hatsari in dai da fuloraid a ciki. Da farko za ka ji kamar bakinka bai fita ba saboda rashin kumfa, amma buroshi ke wankewa.

Bashir Mai Magani: Nura, ƙara da wannan. Gyambon baki mai yawan dawowa tare da matsalar hanji abu ne da likita zai so ya ji. Yana zuwa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ko bitamin B12, yana kuma zuwa da cutar siliyak, wadda jiki ke faɗa da alkama, ko cutar Crohn. Duka biyun suna iya shigar burtu da kamannin IBS. An taɓa yi maka gwajin jini na siliyak? Da gwajin bayan gida na kalfurotektin, mai nuna kumburin hanji? In ba a yi ba ka tambaya. Kuma kada ka bar cin alkama kafin gwajin siliyak, in ka bari sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne.

Nura D.: Jini dai an ɗiba, amma ban san me aka duba ba. Zan ɗauki takardun in koma. Na zo neman makilin an haɗa ni da layin asibiti.

Lafiya Jari Herbal: Albishirinku masu IBS! Muna da man goge baki na ganye zalla, yana wanke hanji tun daga baki, yana kashe cutar daga tushe. A yi min magana ta sirri.

Admin: An cire hoton da lambar. Ba a talla a nan, balle tallar warkar da IBS da buroshi. Gargaɗi na farko kuma na ƙarshe.

Injiniya Kabir: Ni ina bayan Hajiya, amma ta wata fuska. Kun tsaya kan sobitol kun bar sauran. Akwai karajinan, akwai danƙon selulos da ake kira CMC, akwai farin launin nan taitaniyam dayoksaid. Na karanta cewa suna lalata majinar da ke rufe bangon hanji, kuma Turai ta hana na ƙarshen. In an hana shi a abinci, me ya sa zan riƙa sa shi a bakina safe da dare har tsawon rayuwa? Kaɗan-kaɗan ai shi ke taruwa.

Bashir Mai Magani: Injiniya, abin da ka karanta yana da tushe, amma a duba yadda aka yi shi. Binciken da ya tayar da ƙurar CMC ya fito a mujallar Nature a 2015, kuma a kan ɓeraye aka yi. An zuba musu shi a ruwan sha, kashi 1 cikin 100, suna sha dare da rana na makonni, aka ga bakteriyar hanjinsu ta canza, majinar ta yi siriri. Wannan ya isa a sa ido kan abincin kamfani da ake ci da cokali. Bai nuna ɗan abin da ke cikin makilin da ake tofarwa yana tayar da IBS ba. Shi kuma taitaniyam dayoksaid, E171, an hana shi a abinci a Tarayyar Turai a 2022, bayan hukumar kula da ingancin abinci ta yankin ta ce a 2021 ba za ta iya kore yiwuwar yana taɓa ƙwayar halitta ba. Ba maganar gudawa ko kumburin ciki aka yi ba. Wanda ba ya son sa, sauƙi ne: a kwalin makilin yana zuwa da sunan CI 77891, kuma yawancin masu kama da jeli da ake hango haske ta cikinsu ba su da shi. Sai dai ka sani, irin jelin nan su suka fi yawan sobitol.

Injiniya Kabir: Rashin hujja ai ba hujjar rashi ba ce.

Bashir Mai Magani: Na yarda. Amma ni abin da nake gani kullum shi ne mutum ya zo da jerin abubuwan tsoro mai tsawo har ya rasa abin da zai taɓa. Ita kanta fargabar tana sauka a hanji, don jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na hanji a haɗe suke, kuma a IBS layin nan ya fi saurin ɗauka. Wanda ya ɗauki buroshi yana jiran ciki ya murɗa, sau da yawa sai ya murɗa. Ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira ba, amma ba daga cikin robar ya fito ba.

Hajiya Turai: Wato dai mu ne masu tsoro.

Bashir Mai Magani: Subhanallah, ban ce ba Hajiya. Ni ma ina da IBS ɗin, shi ya kawo ni nan.

Maman Ilham: A yi haƙuri iyayena, kada tambayata ta haɗa faɗa. Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba. Ɗanɗanon na'a-na'a mai ƙarfin nan yana tayar min da zuciya da safe, musamman in na kai buroshi can ƙarshen harshe. Amma kuma na ji an ce man na'a-na'a magani ne ga IBS. Wanne ne gaskiya?

Anti Zulai: Duka biyun. Na maganin yana cikin kafso mai rufi na musamman wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi, a hanji yake sakin man ya sassauta murɗa. An yi masa rufin ne saboda in ya fashe a sama yana sassauta ƙofar tumbi, ƙwannafi ya taso. Na makilin ɗanɗano ne kawai, ba ya magani. In yana tayar miki da zuciya ki nemi mai sanyin ɗanɗano ko marar ɗanɗano. Na yara ma zai yi, in dai adadin fuloraid ɗin ya kai na manya, don wasu nasu ƙasa yake. Ki sayi buroshi mai ƙaramin kai da laushi, ki daina kai shi can ciki, ki riƙa numfashi ta hanci. In kuma kin yi amai ko tsami ya taso, kada ki goge nan take, ki kurkure da ruwa ki jira kamar rabin awa zuwa awa, don tsamin yana tausasa bayan haƙori. Ruwan kurkure baki kuwa ba dole ba ne ga mai gogewa da kyau. Mai kulohekzidin na ɗan lokaci ne bisa umarnin likita, yana rina haƙori.

In kina son gane gaskiyar safiyar nan, ki canza abu ɗaya tak. Ki matsar da lokacin gogewar, ki bar komai yadda yake na mako biyu, kina rubutawa. In ciki ya ci gaba da tashi a lokacinsa na da, kin samu amsa.

Ummu Khalil: Kun cika wurin da maganar baki, kun bar rabin tambayar Maman Ilham. Man shafawa, sabulun wanka, shamfu, turaren hammata: babu ruwansu da hanji. Sobitol ko alkama da ke cikin man shafawa ba sa ratsa fata su shiga hanji, sai abu ya bi ta maƙogwaro. Man leɓe da jan baki ana ɗan lasa, amma abin bai taka kara ya karya ba. Mai siliyak ne ma zai ɗan duba na leɓe.

Inda kayan tsafta suka shafe mu da gaske, wurin da kowa ke jin kunyar faɗa ne. Wadda ta shiga banɗaki sau da yawa kafin azahar ta san yadda fatar wurin ke yi: ja, raɗaɗi, ƙaiƙayi, har zama ya gagara. Ni a da jiƙaƙƙen tishu mai ƙamshi nake yawo da shi, ina ganin gata nake yi wa kaina, abin sai ƙaruwa yake. Likitar fata ce ta karɓi fakitin ta nuna min wani dogon suna a baya, Methylisothiazolinone, ana taƙaita shi MI. Maganin hana lalacewa ne, kuma ya yi ƙaurin suna wajen sa fata borin jini, har ƙungiyar likitocin wannan fanni a Amurka ta ba shi kambun abin da ya fi addabar fata a 2013, Turai kuma ta hana sa shi a kayan da ake shafawa a bari a jiki daga 2017. Amma ba ko'ina dokar ta kai ba, sai ki duba da kanki. Turaren da ke ciki ma kansa yana ci.

Abin da ke jakata yanzu: 'yar robar ruwa mai matsawa, tishu fari marar ƙamshi, da ƙaramin man zink oksaid, irin farin nan mai kauri da ake shafa wa jarirai. A wanke da ruwa zalla, ba sabulu kowane zuwa ba, a dangwala a busar, kada a goga, sannan a shafa man siriri ya zama katanga kafin zuwa na gaba. Basilin ma yana yi. Wando na auduga, kuma a bar audugar mata mai turare.

Sadiya K.: Allah ya saka da alheri Yaya. Wannan ne ban taɓa iya tambayar kowa ba.

Nura D.: Mu maza muna karantawa shiru, amma muna rubutawa.

Bashir Mai Magani: Ummu Khalil ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: man basir da ake saya ba tare da takarda ba, da yawa suna da maganin kashe zafi ko sitiroyid a ciki. Ba a wuce kamar mako ɗaya ana shafa su, suna sirantar da fata, wasu kuma su kansu suna jawo ƙaiƙayin. Kuma in an ga jini, ko rama ba dalili, ko gudawa tana tayar da mutum daga barci, wannan ya wuce zaɓen tishu, a koma wurin likita ko da an taɓa cewa IBS ne.

Maman Ilham: Yaya Ummu Khalil, jiƙaƙƙen tishu na jarirai fa, wanda aka rubuta ruwa zalla? Shi nake ɗauka in zan yi tafiya.

Ummu Khalil: Ya fi mai ƙamshi nesa ba kusa ba, amma ki juya bayan ki karanta, don abu mai lema ba ya zama a fakiti watanni ba tare da an sa masa maganin hana lalacewa ba. In jerin gajere ne, babu turare, babu MI, ki riƙe shi don hanya. Ki busar da wurin bayansa, kuma kada ki jefa shi a masai ko da an rubuta ana iya jefawa, toshe bututu yake yi.